Ƙoƙon Irin da Na Miƙa wa Jar Hula

Shamuwa ta sauka jiya a kan tsamiyar bayan gidanmu, ita da mijinta, suna ta jidar ƙirare ba ji ba gani. Ni na fara ganinta, da idon nan nawa da ake cewa ya mutu. Na kira ɗana Ila in nuna masa, ko ɗagowa bai yi ba. Tun safe ya manna rediyo a kunne, ana ta zancen wa zai hau wa zai sauka, za a rufe iyaka ko ba za a rufe ba. Ila ya yi furfura, har da jikoki gare shi, amma in labarai suka ɗauko sai ka ga bakinsa a sake.

"Iya, bana ki yi zamanki gida," in ji shi. "Ƙasa ba ta kwanta ba. Ko ruwa ya sauka a bari a ga abin da manya za su yi tukuna."

Na dube shi, na dubi shamuwa, dariya ta kama ni har da tari. Shi bai san abin da ya ba ni dariya ba, don lokacin da aka yi abin yana cikina, wata biyar.

Bazarar da aka yi abin ita ce wadda ta biyo bayan ƙare yaƙin Nasara, wato Turawa, bayan sojojinmu sun fara dawowa. Gidanmu yana gefen tafkin Madarunfa, gonarmu kuma tana kan tudun da ke kallon ruwa. Mu uku ne a gidan: ni, da surukata da muke kira Inna, da maigidana. Bawa sunansa. Yanzu da na tsufa shi kuma ya riga ni, ina iya faɗar sunan ba mai yi mini tsawa.

Wanda bai ga tafkin nan a ƙarshen bazara ba bai san shi ba. Ruwa yakan ja da baya ya bar laka a fili, laka ta bushe ta tsattsage, in ka taka da rana tsaka sai tafin ƙafarka ya ba ka labari. Iska ba ta motsi. Warin ruwan da ya daɗe a kwance yakan biyo ka har ɗaki. Amma abin da ya rage na ruwan nan, duk mai fiffike a ƙasar yana kansa. Balbela fari fat a gefe, zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya kamar an ba shi ajiya, dinya, kirinjijiya masu fito, gauraka bibbiyu suna taku da gashin kansu. Sannan ga zakaran ƙeƙuwa, tsuntsun da na tsana shekara guda cur. Ƙwai yake yi a ƙasa, kuma in mutum ya matso kusa da wurin sai ya tashi yana shawagi a kansa yana ihu, ba zai yi shiru ba sai kowa ya san akwai wani a nan.

Rumbunmu ya ƙare tun kafin zafi ya tsananta. Da sassafe nakan ɗauki ƙwarya in bi mata mu shiga laka har gwiwa muna tono bado. Bawa yakan ɗauki sanda yana bin busasshiyar laka yana ƙwanƙwasawa, in ya ji sautin ya canja sai ya tona, ya ciro gaiwa, kifin nan mai kwana a laka, a naɗe cikin gidanta, da ranta. Inna ta tsinko ganyen jiga, ta jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, ko da yake bai taɓa fita duka ba. Da hantsi mu dafa, da la'asar mu ci sauran, in da saura. Bado yana cika ciki amma ba ya riƙe ƙafa, in na sunkuya na miƙe sai in ga duniya ta yi duhu.

Gero ɗaya ya rage a gidan, shi ne iri. Inna ta zuba shi a tulu, ta gauraya da toka, ta liƙe bakin da laka, ta sa a ƙarƙashin gadonta. Ba na ɓoyewa, akwai ranar da na zauna ina kallon tulun nan har yawu ya cika mini baki. Inna ta shigo ta gan ni, ta je ta zauna a kan gadon.

Abin da ya jefa mu cikin wannan hali aikin dole ne. A zamanin, in ana son gyaran hanyar mota ko gina wani abu a bariki, sai a turo gardi, wato dogarin Nasara, ya ɗebi maza, ba biya ba shawara. Namu gardin muna ce masa Jar Hula. Ba baƙo ba ne, ɗan ƙasa ne, tsagen da ke fuskarsa irin na kawunnena ne, kuma an ce ubansa manomi ne a wajen Gabi. Mazanmu sun koyi dabara: in aka hango dokinsa, sai su ɗauki manyan gorunansu, waɗanda masunta ke kifawa a kai su yi iyo, su shige tafki su lafe cikin kainuwa da dogayen ciyayi, hanci kaɗai a waje. Doki ba ya shiga laka. Sai dai Jar Hula ɗan ƙauye ne. Ba ya neman mutum, tsuntsu yake kallo. Yakan tsaya a bakin ruwa ya duba inda zakaran ƙeƙuwa ke shawagi yana ihu, ya nuna wurin da bulala ya ce a fito.

Haka aka kama Bawa a shekarar da ta gabata, kashegarin ruwan shuka. Ya fito daga ruwa matsattsaku sun manne masa a cinya, aka sa masa igiya a ƙugu tare da wasu, aka yi gaba. Ni a lokacin jego nake, ɗiyata ta fari ba ta yi arba'in ba. Ni da Inna muka yi shukar a makare, ciyawa ta fi ƙarfinmu, ya dawo bayan wata biyu ya tarar da gona ta zama daji. Abin da muka girbe bai kai mu ko'ina ba. Nonona ya ƙafe. Yarinyar ta yi ta kuka har ta daina, kafin zafi ya shigo muka kai ta makwancinta.

Kunyar ɗan fari ta hana ni kiran sunanta ko sau ɗaya tana raye. Ko wasa ban yi mata a gaban mutane ba. Da ta mutu ma aka ce kada in yi kuka da ƙarfi, ba kyau. Na haɗiye, amma abin ya zauna mini a ƙirji, kuma ya zama fushi. Na yi fushi da gardi, na yi fushi da tsuntsu, na yi fushi da Bawa da ya bari aka ja shi kamar ɗan akuya.

To, a wannan bazarar sai labari ya fara yawo. Wani tsohon soja mai suna Mati, wanda ya dawo da kunne ɗaya, shi ya kawo shi kasuwa. Ya ce can ƙasar Nasara an zauna an yanke, an hana aikin dole, ba a ƙara ɗibar kowa. Mata masu suyar kifi suka ɗauka, masu ɗibar ruwa suka ƙara gishiri. Wani ya ce gaskiya ne, direban mota ya faɗa a Ɗan Issa. Wani ya ce tarko ne, so ake maza su saki jiki. Dattawa suka zauna a gindin tsamiya suka yi ta juya maganar har inuwa ta gudu ta bar su, aka tashi a kan a bari a gani.

Ni ban san Nasara ba, ban san takarda ba, amma na san Jar Hula. Da can da rana tsaka yake zuwa, ta tsakiyar gari, da mutum biyu a bayansa da igiya a rataye. A bazarar nan sau biyu ya zo, shi kaɗai, ta bayan gari, ba igiya, yana tambayar maza nawa ne a kowane gida da murya ƙasa-ƙasa. Na ce a raina, mutumin nan an ƙwace masa wani abu, bai dai so mu sani ba.

Shamuwa ta zo. Gabas ta fara haɗa baƙi da yamma tana watsewa. Masu salla suka je kaburburan waliyyai na bakin tafki suka yi roƙo, su Inna, da ba sa salla, suka zuba farar fura a gindin tsamiya. Kowa ya ce nasa ne ya ci, don bayan kwana uku, da la'asar, iska ta taso ta kwashe mana danga, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a tsakar gida na bar shi ya dake ni. Ƙanshin ƙasa ya tashi, kwaɗin da ba a san inda suke ba suka ɓarke da kuka, shinge, garar nan mai fiffike, ya fito, tsuntsaye suka yi ta cafka.

Gari na wayewa Inna ta fasa bakin tulu. Bawa ya ɗauko sungumi, doguwar fartanyar da ake sara ramin shuka da ita. Muna bakin ƙofa sai ga maƙwabciyarmu a guje, ta ce an hango doki ta hanyar Maraɗi. Kafin ta rufe baki maza sun fara fita da goruna a ka. Bawa ya jingine sungumi, ya miƙa hannu zai sauko da nasa goran.

Na riga shi. Na ɗauke goran na zauna a kai, da cikina.

"Tashi, ke," ya ce. "Shina tahe!"

"Ba ka tahiya ruwa yau. Gona za mu."

"Kin haukace? In ya kama ni hwa?"

"Bara da ka ɓuya, mi ya hana a kama ka? In za a ɗauke ka, a ɗauke ka bisa gonarka da sungumi a hannu, in gani da idona. Wanga da ke cikina ba shi bin 'yar'uwarshi."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya dubi uwarsa ko za ta tsawata mini. Inna ta ci gaba da zuba iri a ƙoƙo tana hure toka.

"Ɗauki sungumi, Bawa," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Raɓa na bushewa."

Muka hau tudu. Duk faɗin gonakin nan babu namiji ko ɗaya sai shi, sai mata tsaye cirko-cirko da ƙoƙunan iri ba mai sara musu. Ƙasa ta jiƙu har ta yi baƙi, sanyinta yana ratsa ƙafa. Bawa yana gaba yana sara, taku ɗaya sara ɗaya, ni ina biye ina jefa iri da yatsu uku ina rufewa da diddige, Inna tana layi na biyu. Layinsa ya karkace kamar tafiyar maciji, don rabin idonsa yana kan hanya. Can ƙasa, a kan tafki, zakarun ƙeƙuwa sun tashi wuri huɗu ko biyar suna ihu, suna tona asirin mazan gari kamar yadda suka saba.

Jar Hula ya nufi bakin ruwa, sai ya hango mu. Ya ja linzami ya tsaya, kamar bai yarda da idonsa ba. Sannan ya juyo da doki ya hawo tudun, ya shigo cikin gona yana tattake mana ramuka.

"Kai, aje wannan ka biyo ni."

Bawa ya ƙame da sungumi a hannu.

"Ranka shi daɗe," na ce, "munka ji an hana."

"Wa ya gaya miki? Ke kika yanke?"

"In ba a hana ba, ina igiyarka?"

Jijiyar wuyansa ta tashi.

A ƙasarmu akwai wata al'ada, masu salla da marasa salla duk sun riƙe ta. Ranar shukar fari, duk wanda ya ratsa gonarka sai ka miƙa masa ƙoƙon iri, ya tsunkula ya jefa a rami. Daga nan yana da hannu a gonar: ba ya cutar ta, ba ya cutar mai ita, har a yi girbi a ba shi 'yan zangarniyu rabonsa. Wanda ya ƙi karɓa kuwa, in ruwa ya ɗauke a shekarar, sunansa za a yi ta kira a kowane ƙauye, har uwarsa ba za ta sha ruwa a gidan kowa ba. Ban shirya abin ba, Allah shi ne shaida. Hannuna ne ya tafi da kansa. Na matsa har gaban dokin, na ɗaga ƙoƙo da hannu biyu.

"Baƙo ya ratso gona," na ce da ƙarfi, don matan da ke tudu su ji. "Ga iri."

Na ga ya gane. Ɗan manomi ne, an miƙa masa ƙoƙo tun yana yawo ba wando. Ya dubi ƙoƙon, ya dubi matan da suka fara matsowa, ya dubi sama. In ya karɓa, Bawa ya fi ƙarfinsa. In ya ƙi, damina tana wuyansa.

Sai ya zaɓi na uku. Ya ɗaga bulala ya zabga mini a hannu.

Na ji ƙas a yatsana na tsakiya kafin zafin ya iso. Ƙoƙo ya yi sama, gero ya watse kamar an sheƙa shi, ya zubo a kan yashi, a kan ƙafafun doki, da cikin ramukan da Bawa ya sara ban kai ga zubawa ba. Irinmu ke nan, wanda muka kwana da yunwa muna gadi. Na durƙusa na riƙe hannu, hawaye yana zuba, ba na zafi kaɗai ba.

Inna ce ta fara gani. Tsohuwar nan da muryarta ba ta wuce danga, ta buɗe baki ta rangaɗa guɗa.

"Ya shuka! Ku zo ku gani, jama'a! Da hannunshi ya zuba, ga shi cikin rami!"

Mata suka ɗauka. "Ya shuka! Gardi ya shuka gonar Bawa!"

Shuka ba ta cika sai an rufe rami. Ina durƙushe na ga ƙafar Bawa ta wuce ta gabana. Ya je ramin da ke daidai ƙarƙashin hancin dokin, ya sa diddige ya rufe. Ya matsa na gaba ya rufe, ya rufe na uku. Sannan ya ɗaga kai ya dubi Jar Hula ido cikin ido, ya ce, "Sannu da aiki."

Tun da aka kawo ni gidan Bawa ban taɓa son shi kamar ranar ba.

Guɗar ta kai tafki. Kawuna suka fara ɓullowa daga cikin kainuwa, ɗaya, biyu, goma. Maza suka fito jikinsu duk laka, suna ɓamɓare matsattsaku, suka tsaya a bakin ruwa. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya ɗauki sanda. Wani dattijo ya wuce gida ya ɗauko sungumi, sauran suka bi shi. Jar Hula ya yi ta zagi, ya ce za mu gani, ya ce zai dawo da mutum ashirin. Amma da zai fita, a hankali ya ja dokin ta tsakanin layuka, bai ƙara taka rami ko ɗaya ba.

Sauran yinin a durƙushe muka yi shi muna tsintar gero ƙwaya-ƙwaya daga cikin yashi, muna korar kurciyoyi. Inna ta ɗaure mini yatsa da kara da tsumma. Ba mu samu duka ba, ƙarshen gonar wake muka sa da maƙwabta suka sam mana. Bai dawo da mutum ashirin ba, bai dawo da ko ɗaya ba. Daga baya ta tabbata maganar Mati gaskiya ce, ko da yake mun ji a wasu ƙauyuka an ci gaba da ɗiba har damina ta raba, don su sun tsaya jiran a gani.

Damina ta yi kyau daidai gwargwado. Tafki ya cika ya haɗiye lakar da muka tona, bado ya yi fure, tarwaɗa ta shigo har cikin ciyawa, 'ya'yan shamuwa suka yi fiffike. Wurin da ƙoƙo ya zube gero ya fito cunkus, sai da muka cire fiye da rabi. Na haifi Ila ana cikin girbi, kuma nono ya zo.

Da na yi arba'in na zaɓi zangarniya uku masu kyau daga wannan wurin na ɗaure. Bawa ya ce in bari, Inna ta ce al'ada ba ta da rabi. Na goya Ila na taka har Maraɗi, na sami Jar Hula zaune a kan benci a ƙofar bariki tare da 'yan'uwansa gardawa. Na durƙusa yadda ake yi, na ajiye a gabansa.

"Rabonka na gonar da ka shuka," na ce.

Bai dube ni ba. Ya sa hannu ya jawo su ƙarƙashin benci.

Na juya masa baya don ya ga goyon. "Wanga ya samu. Akwai wadda ba ta samu ba, bara. Hajo sunanta."

Ranar na fara faɗar sunan da bakina, a gaban ƙattin da ban sani ba. Na faɗe shi, na sake faɗa, sannan na tashi. Kukan da aka hana ni a kan hanyar dawowa na yi shi, da ƙarfi, tun daga bayan gari har na hango ruwan tafki.

Yatsan ya warke a karkace. In na tsunkuli iri yakan zubo fiye da ƙima, Bawa ya yi ta yi mini tsiya da shi har ya koma ga Allah, wai ni ce mace ɗaya da gardi ya koya wa shuka. Tafkin yanzu ya cika da raga da kwale-kwale, gauraka ta yi wuyar gani, amma zakaran ƙeƙuwa yana nan da bakinsa. Na daina jin haushinsa tuntuni, ƙwansa yake tsaro.

Ɗazu gabas ta haɗa. Na sa an sauko mini da ƙoƙona, na zauna a ƙofar ɗaki ina hure toka. Ila ya zo ya tsaya a kaina da rediyonsa.

"Iya, wai ba ki ji abin da ake hwaɗi ba? An ce a saurara."

"Na ji. Su saurara."

"Ko sara ba ki iyawa. Wa zai sara miki?"

Na ɗaga masa ƙoƙon da hannu biyu, karkataccen yatsan a sama. Ya tsaya yana dubansa. Sannan ya kashe rediyo, ya ajiye a kan turmi, ya sa yatsu uku ya tsunkula.